Mun yi tambari a wani shago na Damagaram, sai muka rasa inda za mu tabbatar da cewa namu ne

A cikin watan Rajab na bara ne ƙungiyarmu ta dukawa da majema, wadda nake riƙe wa muƙamin sakatare, ta yanke shawarar yin tambari nata na kanta, bayan shekarun da muka kwashe muna buga wani tsohon kashe, wato hatimin roba, da babu komai a jikinsa sai suna da lambar akwatin gidan waya. Aka ɗora mini nauyin neman wanda zai yi aikin, aka ba ni jika 60, wato sefa dubu 60, daga asusun ƙungiya, da sharaɗin in dawo da abubuwa uku: zanen tambarin, da kashe mai tawada a cikinsa, da babban ƙyalle da za mu riƙa kafawa a wajen baje koli. Shagon da na zaɓa ba shi da nisa da kasuwar Dole. Ba zan kama sunansa ba, domin abin yabon da zan faɗa mutanen gari sun riga sun san shi, abin ƙorafin kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai, ciwo ne da ya game duk masu wannan sana'a daga nan har Yamai.

Ɗaki ne guda mai tsawo, an raba shi da kanta. A gaba akwai benci na masu jira da allon da aka jera samfurin kashe iri-iri, daga mai mariƙin katako wanda ake dangwalawa a tawada har zuwa irin su Trodat da Colop masu shafa wa kansu tawada. A ciki kuma akwai kwamfuta biyu, da injin sassaƙa roba, da wani tsohon tebur inda mai shagon, dattijo ne da gemunsa ya fara furfura, yake ajiye ƙananan wuƙaƙen da ya fara sana'ar da su tun lokacin da ake yanka haruffa da hannu a baibai. Yara biyu ne ke kan kwamfuta, suna kiransa Maigida, shi kuma bai yarda wani aiki ya fita ba sai ya ɗaga shi a haske ya duba.

Abin da ya fara burge ni shi ne, kafin mu yi maganar kuɗi, sai da ya nemi in nuna masa takardar amincewar hukuma da ƙungiyarmu, wadda aka ba mu bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984, da kuma wasiƙar shugabanmu da ke cewa ni aka wakilta. Ya rubuta sunana da lambar katina a wani babban littafi, ya ce da ni, "Malam Sakatare, kada ka ga kamar tuhumarka nake yi. Kashe makami ne, wanda ya ba ɓarawo tsani ba zai ce bai san da satar ba." A zaman da na yi a benci na ga ya sallami wani matashi da ya zo neman kashen wani ofishin gwamnati ba tare da wasiƙa ba, alhali matashin ya yi tayin ninka kuɗin. A garin da kowa ya san ana iya samun kashen makaranta ko na likita a bayan fage, wannan hali kaɗai ya isa a ce a kai masa aiki.

Zanen farko da yaron shagon ya yi mini bai yi ba, kuma rabin laifin nawa ne. A taron ƙungiya kowa ya kawo abin da yake so a saka: majema suka ce sai an ga kwatarniyar jima, dukawa suka ce sai an ga jaka da takalmi da linzami, wani ya ce a saka ƙofar fadar Sarkin Damagaram, wani ya ce taswirar Nijar, wani kuma ya nace a kan hannaye biyu suna musabaha. Na kwaso duka na kai, yaron ya cusa su cikin da'ira guda, ya yi musu launuka masu narkewa cikin juna, abin ya yi kyau a fuskar kwamfuta kamar katin gayyatar biki. Dattijon ya leƙo, bai ce komai ba, sai ya sa aka rage zanen zuwa faɗin kashe na milimita 40, aka buga shi baƙi da fari, ya miƙo mini. Babu abin da ake iya ganewa sai wani baƙin dunƙule. Sannan ya ce, "Malam, tambarin da ba a gane shi daga bakin ƙofa ba, ba tambari ba ne. Ka zaɓi abu biyu ko uku, sauran ka bar wa ƙyallen talla."

Shawarar nan tasa, wadda ya samo daga shekarun yanka roba, ita ce ainihin ƙa'idar da masu tambarin garkuwa na ƙasashen Turai suka daɗe suna bi. A wurinsu launuka kaɗan ne: ruwan ɗorawa da fari, waɗanda suke ɗauka a matsayin zinariya da azurfa, sai ja da shuɗi da kore da baƙi da shunayya, kuma ba a ɗora mai duhu kan mai duhu ko mai haske kan mai haske, domin a gane garkuwar mutum daga nesa. Da muka bi wannan hanya sai muka tsaya a kan fili fari, a tsakiyarsa jar fatar akuya a shimfiɗe, a kan fatar basilla ruwan ɗorawa a tsaye, a ƙasa kuma ƴaƴan bagaruwa guda biyu baƙaƙe. Majemi ya ga bagaruwarsa, baduku ya ga basillarsa, jan fatar kuma kowa ya san karan dafi ne. Ban taɓa ganin taron ƙungiyarmu ya amince da abu cikin sauri irin na ranar da na kai wannan zane ba.

Rubutun ne ya so ya ba mu wahala. Mun so sunan ƙungiya ya fito da Hausa a sama, da boko da ajami, Faransanci kuma a ƙasa, amma salon haruffan da yaron ya zaɓa ba shi da ƙa mai lanƙwasa, don haka gwajin farko ya fito da "kungiya" a maimakon "ƙungiya". Yaron ya ce ai kowa zai gane, wanda gaskiya ne, amma ban yarda ba, ganin cewa tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, bai kamata a ce shagon buga rubutu a tsakiyar Damagaram ba shi da haruffanta ba. Dattijon ya goyi bayana, ya zauna da kansa ya zana lanƙwasar, sai dai ta ɗan fi sauran haruffan kauri, kuma mai lura zai gani. Ajamin kuwa wani malamin unguwarmu ne ya rubuta da alƙalami aka ɗauki hotonsa, ya fito tsaf.

An yi mini alkawarin kwana huɗu, aikin ya ɗauki tara, saboda ɗauke wuta da kuma ƙyallen da sai da aka sake bugawa don jan ya fito kamar ruwan goro. Ba su caje ni kuɗin sakewar ba. Na biya jika 25 na zane, jika 8 na kashe, jika 20 na ƙyalle, na mayar wa ma'aji jika 7. Kashen yana aiki har yau, bugunsa yana fita sarai, basillar ba ta cushe ba duk da siririyarta. Da a nan labarin ya tsaya, da na ce shago ne da babu abin kushewa a kansa sai jinkiri.

Wata biyar bayan haka, a wani taron baje kolin sana'o'in hannu, ina zagayawa sai na hango ƙyallenmu a rumfar da ba tamu ba. Da na matsa kusa na ga na wata ƙungiyar masu sayar da takalma ne daga wata unguwa: farin filin nan, jar fatar nan da irin shimfiɗarta, har ƴaƴan bagaruwa biyu a ƙasa, an dai cire basilla an sa takalmi. Mutanen ba su san komai ba, sun je shagon nan ne suka ce suna son tambari mai alaƙa da fata, ɗaya daga cikin yaran ya buɗe namu ya canza abin da ya canza, ya karɓi jika 10. Wani baƙo daga Agadas da ya taɓa sayen kayanmu har ya tsaya a rumfarsu yana tambayar jakunkunan da ya ba mu sautu.

Na koma shagon raina a ɓace. Dattijon bai yi musu ba, ya kira yaron ya yi masa faɗa a gabana, ya ba ni haƙuri, ya kuma ce zai sake wa mutanen wani zane kyauta idan sun yarda. Amma da muka zauna, ya yi mini tambayar da ban iya amsawa ba. Ya ce, "Malam Sakatare, ni na yi kuskure kuma na ɗauka. To, gobe idan wani shago a Maraɗi ya ɗauki hoton ƙyallenku ya buga wa wasu, wurin wa za ka kai ƙara, kuma wace takarda za ka nuna cewa jar fata a kan fari taku ce?" A nan na gane cewa mun sayi zane da roba da ƙyalle, amma ba mu sayi abin da muka zaci mun saya ba, wato mallakar alamar, kuma babu shagon da zai iya sayar mana da ita.

Na bincika hanyoyin da ake da su. Akwai haƙƙin mallakar zane, wanda ofishin kare haƙƙin mawallafa ke kula da shi, amma wannan yana kare hoton ne kamar yadda aka zana shi, kuma a asali na wanda ya zana ne sai in ya sallama a rubuce, abin da ban nema ba su kuma ba su tuna mini ba. Akwai rajistar alamar kasuwanci a OAPI, hukumar kare mallakar fasaha ta Afirka mai hedikwata a Yawunde, wadda ta haɗa ƙasashe 17 har da Nijar ƙarƙashin yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma ta wannan hukuma ne kilishin Nijar da albasar Galmi suka samu kariyar sunansu. Wannan hanya tana da amfani ga mai kaya a kasuwa, sai dai ana yin ta ne bisa rukunin haja, ana sabunta ta duk shekara 10, ana kuma biya. Ba a gina ta don makarantar allo ko ƙauye ko zuri'a ko ƙaramar hukuma ba, waɗanda ba abin da suke sayarwa, suna dai son alamar da za ta tsaya a madadin sunansu, jikoki su gada.

Wasu ƙasashe suna da hukuma ta musamman don wannan aiki. A Ingila akwai majalisar masu tambari ta Landan tun 1484, a Sikotilan kuma akwai kotu sukutum da ke riƙe da littafin rajista tun 1672, inda amfani da tambarin da ba a ba mutum ba laifi ne da ake gurfanarwa a kansa. Kada a ce abin na Turai ne kawai: Afirka ta Kudu ta buɗe ofishinta a 1963, tana buga kowace buƙata a jaridar gwamnati domin mai ƙorafi ya fito kafin a tabbatar, tana kuma karɓar garkuwa irin ta gargajiyar Afirka, Kenya ma ta yi dokar tata a 1968. Kanada ta gaji da aika mutanenta Landan, ta kafa tata hukumar a 1988, ta shigar da alamomin ƴan asalin ƙasar cikin aikin. A Ostareliya har yau masu sha'awar wannan fanni suna ta kiran a yi musu haka, domin mai son tambari a hukumance sai ya nema daga Birtaniya ya biya dubban fam. Mu kuwa tsarin mulkin Faransa muka gada, ita kuma ba ta da ofishin da ke ba mutum tambari, kowa ɗauka yake yi, sai wani kwamiti da aka kafa a 1960 da ke ba garuruwa shawara.

Abin da ya fi jan hankalina a tsarin waɗannan hukumomi shi ne ba hoto suke rajista ba, kalmomi suke rajista. Ana siffanta tambarin da jimla ɗaya ko biyu, a ce fili kaza, launi kaza, abu kaza a wuri kaza, daga nan kowane mai zane yana iya fitar da shi da salon hannunsa, ko a roba ko a fata ko a bangon soro, kuma yana nan tambarin mai shi. Ƙasarmu ma da haka ta yi nata. Kundin tsarin mulki na 2010 ya siffanta tambarin Nijar, wanda aka ɗauka tun 1962, da cewa garkuwa ce kore, a tsakiyarta rana, a gefe guda mashi da takubban Abzinawa biyu a gicciye, a ɗaya gefen zangarniyar gero uku, a ƙasa kan saniya, duka ruwan zinariya, a bayanta kuma tutocin ƙasa. To, a bangon shagon nan kaɗai na ƙirga tambarin Nijar iri uku da ofisoshi suka kawo a yi musu aiki da shi: ɗaya garkuwarsa kore, ɗaya fara, ɗaya kuma ruwan ɗorawa. Dattijon ya ce shi abin da aka kawo masa yake bugawa, kuma da gaskiyarsa, tun da ba a taɓa aiko masa da samfurin da ya tabbata ba. Idan tambarin ƙasa da kansa yana yawo da riga uku, ba abin mamaki ba ne namu ya kwana a rumfar masu takalma.

Tun daga lokacin muka fara, mu ƴan kaɗan, malaman makaranta da masu zane da wasu shugabannin ƙungiyoyin sana'a, muna kiran a kafa hukumar ƙasa mai ba da tambari da ajiye rajistarsa. Suka biyu muke sha. Na farko, ana ce mana ƙasar da ke fama da matsalar tsaro, garin da mata ke kwana a layin famfo, ina ruwansu da garkuwa a takarda. Ba na raina wannan magana, kuma ba ma'aikata muke nema a gina ba. Ɗaki guda ya isa a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai, da mutum uku ko huɗu, da littafin da kowa zai iya dubawa ta intanet, da wakili a kowace jiha. Ƙananan hukumomi fiye da 250 ne a Nijar, kowace tana buga kashe a takardun haihuwa da na filaye, kuma mai shago irin wannan dattijo ba shi da inda zai duba ya tabbatar da sahihin samfuri kafin ya yanka.

Suka na biyu shi ne wai kayan Nasara ne muke son kwaikwayo. Wannan kam ban yarda da shi ba ko kaɗan. Kalmar tambari da kanta sunan gangar sarauta ce, wadda ba a kaɗa wa kowa sai sarki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Birni, tsohuwar unguwar fadar sarki, ranar hawan Salla ya san kowane mai sarauta da takensa da kirarinsa, makaɗi kuma ba ya kuskura ya kaɗa wa wani taken wani, maroƙa su ne littafin rajistar. Makiyaya suna yi wa raƙuma lalas da alamar gidansu, maƙeran Abzinawa suna da gicciyen azurfa da ake dangantawa da garuruwa, har da na Zinder, magina kuma sun cika fuskokin gidajen Birni da dagi da sauran zane-zane. Wasiƙun Shehunan Borno, waɗanda Damagaram ta daɗe ƙarƙashin inuwarsu, da hatimi suke zuwa. Sama da duk wannan, ya tabbata a Buhari da Muslim cewa da Manzon Allah (SAW) ya so rubuta wa sarakuna wasiƙa aka ce masa ba sa karanta wadda ba ta da hatimi, sai ya sa aka yi masa zoben azurfa mai ɗauke da sunansa, kuma ya hana kowa ya zana irin wannan rubutu a nasa zoben. Ƙa'idar cewa alama ɗaya ta mutum ɗaya ce ba daga Landan muka ji ta ba. Abin da ya canza shi ne yanzu injin shago yana kwafe alama cikin minti biyar, kunnen maroƙi kuma ba ya kaiwa can.

Ina da tsoro guda game da abin da muke kira, kuma gara in faɗe shi da bakina: kada hukumar ta zama wurin sayar da girma, mai kuɗi ya sayi garkuwa kamar yadda wasu ke sayen rawani, ko a mai da ita wani sabon shingen karɓar haraji daga ƙananan ƙungiyoyi. Shi ya sa muke cewa rajistar ta zama ta ganin dama ga jama'a, wajibi ga ofisoshin gwamnati kaɗai, kuɗinta kada ya wuce na kashe biyu ko uku, kuma masarautu su samu kujera a ciki, domin su ne suka san alamar da ba ta halatta ga kowa ba.

Game da shagon kuwa, na koma kuma zan ci gaba da komawa, domin hannun dattijon da idonsa ba su da na biyu a cikin waɗanda na gwada a garin nan, kuma ya gyara abin da yake iya gyarawa. Masu takalma sun karɓi sabon zane, shuɗin fili da farin takalmi, mun kuma sasanta a kan shayi. Wanda zai kai aiki can ya ƙara kwana huɗu ko biyar a kan abin da aka ce masa, ya duba haruffa masu lanƙwasa da idonsa kafin a yanka roba, ya nemi a ba shi zanen a waya ko a makullin ajiya na USB, ya kuma sa a rubuta a rasit cewa an sallama masa zanen kuma ba za a yi wa wani amfani da shi ba. Bayan abin da ya faru, dattijon ya ware shafuka a ƙarshen littafinsa inda yake siffanta kowane tambari da ya fita daga shagon da kalmomi, ya kuma hana yaran fara sabon zane sai sun karanta su. Ranar da na je sake wa kashenmu tawada na leƙa, na ga namu ne na farko, na masu takalma na biyu, ya kai na 31.